Koren ruwan tabki da kunun yaro

Kowace shekara, in damana ta ja baya wajen ƙarshen watan Satumba, ruwa yakan kwanta cikin tabkuna da kududdufai na gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi. Da fari ruwan ja ne, saboda lakar da ya kwaso daga gonaki. Bayan ƴan makonni, in lakar ta kwanta, sai ya juye ya zama kore, har a ga kamar an kaɗa masa miyar kuka. Makiyaya sun san wannan launi, haka masu yin tubali a bakin kududdufi da mata masu wanki. Inda tabki ke daɗewa har ya riƙe kifi kuma, masunta sun san wani abu: da asuba, kafin rana ta fito, kifi yakan taso sama yana buɗe baki yana haɗiyar iska. Wani lokaci ma a wayi gari a tarar ya mutu birjik, alhali ba wanda ya zuba guba.

A cikin gida kuma, iyaye mata sun san wani abin daban. In an dama kunu mai kauri, yaro ya sha, ya mai da ludayin da ya lasa cikin ƙwarya, kafin a jima sai kunun ya tsinke. Masu kunun zaƙi kuwa da gangan suke tsinka nasu, da tsiro ko da dankalin Hausa.

Hausawa kan ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, nan ma mai karatu zai tambaya, me ya haɗa kifi da kunu? Masana sun gano cewa ma'aikaci iri ɗaya ne ke aiki a tabki da cikin ƙwarya. Sunansa anzim. Sanin aikinsa yana da amfani ga mai kiwon kifi, ya kuma fi amfani ga uwar da ke da goyo.

Masu ran da ido ba ya gani

Kainuwa da bado kowa yana ganinsu a kan ruwa. Gansakuka mai zare-zare ita ma ana iya kamata da hannu. Amma abin da ke rina ruwan tabki ya zama kore wata irin gansakuka ce ƙanana ƙwarai, wadda kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta da kara. Cikin wannan ƙwaya guda take ci, take numfashi, take haihuwa ta hanyar rabuwa gida biyu ko huɗu ko fiye. Yawanta ne ke sa a ga launinta, kamar yadda ba a ganin ƙwayar ƙura guda amma ana ganin hazo.

Wanda ya fara ganin irin waɗannan halittu wani mai sayar da tufafi ne na garin Delft a ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek. A shekarar 1674 ya ɗebo ruwan wani tabki, ya duba shi da madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan abubuwa koraye suna yawo. A shekarar 1890 wani masani na ƙasar, Martinus Beijerinck, ya ware iri guda ya rene shi shi kaɗai cikin kwalba, ya sa masa suna Kulorela. Sai an jera Kulorela kamar 200 kafin su cika milimita ɗaya. Akwai wata kuma mai suna Kilamidomonas, wadda ta ɗan fi ta girma, tana da gashi biyu a gaba da take iyo da su, da wani ɗan jan ɗigo da take gane inda haske yake. Waɗannan biyu da danginsu suna zaune cikin ruwan daɗi da ƙasa mai laima a ko'ina cikin duniya.

Rumbun da ake cikawa da rana

Gansakuka manomiya ce. Da rana tana kama hasken rana da koren da ke jikinta, ta haɗa ruwa da iskar karbon, watau iskar da mutum da dabba ke fitarwa in sun yi numfashi, ta ƙera sukari. Cikin wannan aiki take sakin iskar oksijan, wadda duk mai numfashi ke bukata. Kusan rabin wannan aiki da ake yi a duniya duka, ƙananan halittun cikin teku ne ke yinsa. Da Kulorela ne Melvin Calvin da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya a Amurka suka bi sawun yadda ake ƙera sukarin mataki-mataki, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a shekarar 1961.

Sukarin da gansakuka ke ƙerawa da rana ya fi abin da take ci nan take, saboda haka sai ta yi ajiya. Amma ba ta ajiye shi a sake. Kowa ya san yadda sukari ke jawo laima in an bar shi a buɗe da damana. Da gansakuka ta tara sukari a sake cikin jikinta, da ya yi ta jawo ruwa har ta kumbura. Don haka take ɗaure ƙwayoyin sukarin, waɗanda ake kira gulukos, ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya a zare, dubbai a jere, wasu zaren kuma su yi rassa. Sai ta cusa su wuri guda su zama ƴan dunƙule masu tauri da ba sa narkewa a ruwan sanyi. Wannan shi ne sitaci. Shi ne abin da ke cike da ƙwayar hatsi da dawa da rogo, shi ne gasarar da ke kwantawa a gindin ƙwarya. Manomin Kanambakashe ko na Maijirgi yana ɗaure zangarniya dami-dami ya sa a rumbu. Gansakuka ma haka take yi, sai dai nata girbin na kullum ne.

Masu buɗe rumbu

Hatsin da ke cikin rumbu ba ya ciyuwa sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an daka. Sitaci ma ba ya amfanar gansakuka sai an warware shi ya koma sukari. Masu wannan aiki su ne anzim.

Anzim wani sinadari ne da jikin mai rai ke ƙerawa, galibinsu daga furotin, don ya gaggauta wani aiki guda. Yana da halaye uku da ya kamata a riƙe. Na farko, ba ya ƙarewa cikin aikin: in ya yanke wannan zare sai ya koma kan na gaba, don haka ɗan kaɗan ke warware abu mai yawa. Na biyu, kowane anzim da aikinsa. Wani masani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta wannan a shekarar 1894 da kwaɗo da mabuɗinsa. Na uku, zafi mai yawa yana lalata shi, kamar yadda ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye.

Cikin gansakuka koriya, masu warware sitaci ƙungiya ce, kowa da wurin da yake kamawa. Wani yana fara sassauta bayan dunƙulen sitacin don sauran su sami shiga. Alfa-amilaz yana yanke zaren a tsakiya, ya mai da dogo guntaye. Beta-amilaz yana bi daga bakin zare yana cire ƙwayoyi bibbiyu. Izo-amilaz shi ke yanke mahaɗar rassa, inda sauran ba su iya wucewa. Wani kuma mai suna fosforilaz yana cire ƙwaya ɗai-ɗai. In sukari ya fito a sake, sai wata ƙungiyar ta karɓa: anzim goma ne a jere, kowane yana miƙa wa na gaba, har a raba ƙwayar gulukos gida biyu a fitar da ƙarfin da ke cikinta. Waɗannan matakai goma iri ɗaya ne cikin gansakuka, da yis na burodi, da jikin ɗan Adam.

A jami'ar Lil ta ƙasar Faransa, Steven Ball da ƙungiyarsa sun daɗe suna nazarin sitacin Kilamidomonas. A shekarar 1996 suka nuna wani abin mamaki: in aka sami gansakukar da ba ta da izo-amilaz, ba ta iya gina dunƙulen sitaci sam. Ashe mai yanke rassa da shi ake gini, domin sai ya datse rassan da suka yi yawa kafin zaren ya jeru ya yi tauri. Matan da ke saƙar tabarma da kabar Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi sun san wannan: sai an datse bakin kaba da ya fito tabarma ke yin kyau. Cikin masara da shinkafa ma an tabbatar wannan anzim yana da hannu a ginin sitaci.

Abin da ke faruwa a tabki da dare

In rana ta faɗi, noma ya tsaya, amma ci bai tsaya ba. Gansakuka tana buɗe rumbunta, anzim su warware sitaci, ta ƙona sukarin don ta rayu, ta kuma rabu ta hayayyafa. Wannan ƙonawa da oksijan ake yinta. Watau wadda ta yini tana zuba oksijan cikin ruwa, ita ce ke kwana tana shanye shi, tare da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da dattin gindin tabki.

Ruwa kuwa ba ya riƙe oksijan da yawa. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe miligiram 9 ne kawai, in zafin ya kai digiri 30 sai ya sauka wajen 7 da rabi. In tabki ya yi kore ƙwarai, masu shan iskar sun yi yawa, kafin asuba ɗan abin da ke akwai ya kusa ƙarewa. Shi ya sa da asuba ne karfasa ke tasowa sama tana neman iska, shi ya sa kuma mutuwar kifi ta fi aukuwa a wannan lokaci, musamman bayan yinin hadari ko na hazo, da rana ba ta fito sosai ba. Tarwaɗa da gaiwa sun fi jurewa, domin suna da hanyar shaƙar iskar sama kai tsaye.

Ita gansakukar tana da dabara in oksijan ya ƙare. Kilamidomonas takan ci gaba da warware sitaci ba tare da iska ba, irin yadda ƙullu ke yin tsami. Ƙarfin da take samu ta wannan hanya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda take samu da iska ba, amma yana kai ta safiya. Yawancin kifaye ba su da wannan mafita.

Abin da ke sa tabki ya yi kore fiye da kima shi ne taki: kashin dabbobi, da bayan gida, da ruwan wanki, da takin zamani da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki. Kaɗan yana da amfani, domin karfasa gansakuka take ci. Mai kula da tabki yana iya aunawa da hannunsa. Ya tsoma hannu cikin ruwan: in yana ganin tafinsa har ruwa ya kai gwiwar hannu, koren bai yi yawa ba. In tafin ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da nisa ba, kuma kore ne ya ɓoye shi ba laka ba, to a tsai da zuba taki, a nisantar da dabbobi, a riƙa duba kifin da asuba.

Ba kowane kore ake ci ba

A ƙasar Kanem ta Cadi, matan Kanembu suna kwasar wani kore daga tabkunan kanwa, su shanya shi a kan rairayi, su sayar da shi gutsure-gutsure don miya. Suna kiransa dihe, masana kuma suna ce masa sifirulin. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwa a shekarar 1964, aka auna aka tarar fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne. Amma dihe a ruwan kanwa mai ƙarfi yake tsirowa, inda sauran iri ba su iya zama. Koren kududdufin gari gauraye ne na iri-iri, kuma cikin dangin dihe ɗin akwai masu dafi. Tun a shekarar 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da suka mutu a ƙasar Ostareliya bayan sun sha ruwan wani tabki da irin wannan kore ya rufe. In ruwa ya yi kumfa kore mai kauri kamar fenti, yana wari, kada a shayar da dabba a wurin, kada a bar yara su shiga.

Daga tabki zuwa tukunya

Amilaz ɗin da gansakuka ke buɗe rumbunta da shi yana da ƴan uwa a wurare da yawa. Akwai shi cikin yawun mutum, shi ne ke tsinka kunun da aka mai da ludayi ciki. Akwai shi cikin dankalin Hausa, shi ya sa gasasshe ya fi ɗanye zaƙi. Akwai shi da yawa cikin ƙwayar hatsi mai tsiro, domin ɗan tsiron da bai fito da ganye ba yana cikin halin gansakuka da dare: ba shi da abinci sai ajiyar da ke cikin ƙwaya. Daga tsiron sha'ir ne ma Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka fara ware anzim a shekarar 1833.

Jahar Maraɗi tana cikin manyan rumbunan hatsi na Nijar, duk da haka tamowa ta daɗe tana damun yaranta. A shekarar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a wannan jaha. Dalilan tamowa suna da yawa: talauci, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da haihuwa kusa da kusa. Amma akwai dalili guda da ke cikin ƙwaryar kunu, wanda ake samu ko a shekarar da rumbu ke cike.

Sitaci in ya dahu yana shan ruwa ya kumbura. Gari kaɗan ke sa kunu ya yi kauri, yaro ƙarami kuwa ba ya iya haɗiye mai kauri. Sai uwa ta ƙara ruwa. Kunun da aka sirka haka bai cika wuce giram 10 na gari cikin giram 100 ba, watau kamar kalori 40. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, daga nan a ƙara masa abinci. Yaro ɗan wata 9 zuwa 11 yana bukatar kalori 300 a yini bayan nonon uwa. Da irin wancan kunu, sai ya sha kashi uku cikin huɗu na lita kafin ya samu, alhali cikinsa da ƙyar yake ɗaukar rubu'in lita a zama guda. Cikinsa ya cika da ruwa, uwa ta ga ya ƙoshi, jiki kuwa bai samu ba.

In aka dama kunu da gari ninki uku, ya yi kauri kamar tuwo mai laushi, sa'an nan aka barbaɗa garin tsiro, amilaz zai yanyanke zaren sitacin cikin ƴan mintoci, kunun ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ko ɗigo ba. Ludayi guda na wannan ya yi uku na wancan. A shekarun 1980 aka gwada wannan dabara aka yaɗa ta a Tanzaniya, inda ake kiran garin kimeya, da kuma ƙasar Indiya. A ƙasar Hausa kuwa tsiro ba baƙo ba ne, sai dai an fi saninsa a kunun sayarwa.

Yadda ake yi

A zaɓi hatsi mai kyau wanda bai sha maganin shuka ba, a wanke, a jiƙa dare ɗaya. A tsane shi, a baza a kan tsumma mai tsabta a inuwa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa safe da maraice har kwana 2 ko 3, sai ya tsira. A shanya a rana ya bushe ƙarau. A murje saiwar da tsiron a sheƙe su, a daka ƙwayar, a tankaɗe, a ajiye cikin abu mai murfi. Kada a soya shi, domin wuta tana kashe anzim. In ya yi fumfuna a zubar.

Hatsi ya fi dawa dacewa da wannan aiki. Ɗanyen tsiron dawa yana da dafi, irin wanda makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe dabbobi. Wanda ba shi da komi sai dawa, lalle ne ya murje tsiron da saiwar sarai kafin ya daka.

Wajen damu, a dafa kunu mai kauri, a sauke, a bari tafasar ta kwanta, ya rage zafi kaɗan. Amilaz na tsiro ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70. A zuba ƙaramin cokali guda na garin cikin rabon yaro, a motsa. In ya tsinke, a mai da shi wuta ya sake tafasa don a kashe ƙwayoyin cuta, a bari ya huce, a ba yaro nan take. Garin tsiro sassauta kunu kawai yake yi, ba ya ƙara masa abin da babu. Saboda haka a haɗa da garin ƙuli-ƙuli ko na wake, ko madara, ko ɗan mai, a kuma ci gaba da ba da nono. Yaron da ya riga ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, gidan likita za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Ma'aikatan lafiya, da malaman gona, da malaman yaƙi da jahilci na Tasawa da Mayahi suna da hanya mai sauƙi ta nuna wannan ga jama'a, ba sai da madubin ƙara girma ba. A kawo ƙwarya biyu na kunu mai kauri daga tukunya guda. A zuba ruwa a ɗaya har ya tsinke, a barbaɗa garin tsiro a ɗayar. A bar matan da ke wurin su motsa da hannunsu, su ga yadda na biyun ke sakin jiki ba tare da ya ƙaru ba, sa'an nan a tambaye su wanne ne cikin biyun ya fi hatsi a kowane ludayi.